Tagwayen faifai: gardamar da ta taso daga Amurka ta sauka a Filinge

Ranar Lahadi kasuwar Filinge take ci. Duk wanda ya san garin ya san cewa bayan la'asar, idan ƴan tireda suka fara naɗe kaya, motocin Yamai kuma suka kama hanyar Bonkuku da Baleyara, ba abin da ke saura sai ƙura da gajiya da hira. A irin wannan maraice ne na samu kaina a ƙofar gidan wani tsohon mushe wanda ya karantar da ni a lakkwal, ya yi ritaya ya komo gida. Mu huɗu ne bisa tabarma: shi da ni, da wani tsohon direba wanda ya share shekaru yana jigila tsakanin Yamai da Abijan, da wani dattijo mahauci wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Na biyar ɗinmu jikan mushe ne, yana gefe yana hura gawayin shayi, kunnensa ɗaya toshe da igiyar salula.

Mushe yana da wata adaka ta ƙarfe cike da faya-fayan garmaho waɗanda ya tara a zamanin samartaka. Allurar na'urarsa ta karye tun da daɗewa, ba a kuma samun irinta a kasuwa, amma duk da haka yakan fito da su lokaci-lokaci ya kakkaɓe musu ƙura. Ran nan ya zaro wani mai kauri, ya buɗe jakarsa kamar littafi, sai ga faifai biyu a ciki. Jikan ya tambaya me ya sa biyu. Daga wannan tambaya gardamar ta tashi, ba ta kwanta ba sai bayan isha'i.

Ga mai karatu wanda bai riski wancan zamani ba, ya kamata a yi ɗan bayani. Faifan garmaho na farko, mai juyawa sau 78 a minti, bai ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowace fuska. A shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyawa a hankali, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar kimanin minti 22. Watau mawaƙi yana da wajen minti 45 ya faɗi abin da ke bakinsa ya yi shiru. Wanda maganarsa ta fi ƙarfin wannan ma'auni sai ya nemi a buga masa faifai biyu a jaka ɗaya, fuska huɗu ke nan. Shi ne abin da masu jin Faransanci ke kira «double album», mu kuma a nan za mu ce tagwayen faifai. Kamfanoni ba su cika son sa ba, domin kuɗin bugu ya ninka, mai saye kuma yana jin nauyin aljihu. Saboda haka duk mawaƙin da ya fito da tagwaye, kamar ya tsaya tsakiyar fili ne ya yi kirari: abin da ke cikina ya fi ƙarfin ƙwarya ɗaya.

Mushe, da yake malami ba ya rabo da doka, ya kafa sharaɗi kafin a fara. Ya ce: «Idan za a iya cire rabin waƙoƙin ba a ji giɓi ba, to faifai ɗaya ne aka jiƙa ya kumbura. Tagwaye na gaskiya shi ne wanda in ka zare waƙa guda, sauran su yi maraici.» Ya ƙara da cewa ba a lissafa tarin tsofaffin waƙoƙi da aka tattaro daga wurare dabam-dabam. Muka amince, ko da yake direba ya yi ƙunƙuni, don ya hango inda dokar za ta cije shi.

Aka fara da Bob Dylan, wanda «Blonde on Blonde» nasa na 1966 yana cikin tagwayen farko a kiɗan zamani. Fuska ta huɗu waƙa ɗaya ce tak, mai minti 11. Mutumin gwanin sarrafa harshe ne, har an ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016. Sai dai duk daɗin yana cikin Ingilishin, wanda bai ji ba kuwa muryar hanci kawai zai ji. Ba mu daɗe a kansa ba.

Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fi cin lokaci, domin mushe yana ƙaunarta. Tagwayensu na watan Nuwamba 1968, mai farar jaka wadda ba hoto a kanta, yana ɗauke da waƙa 30, da yawansu an tsara su ne lokacin da suka je ƙasar Indiya. Akwai zinariya a ciki, ba musu. Amma an yi aikin ne zukata a rarrabe, har mai ganga, Ringo Starr, ya yi fushi ya tafi na ɗan lokaci kafin a lallashe shi ya dawo. Wanda ya jagoranci ɗaukar, George Martin, shi da kansa ya so a tace a fitar da faifai ɗaya mai kyau. A fuska ta huɗu akwai wani abu mai suna «Revolution 9», minti 8 na hayaniya da gutsattsarin muryoyi, wanda ni dai ban taɓa ganin wanda ya saurare shi sau biyu don jin daɗi ba. Na ce wa mushe: «Mushe, dokarka ce ta kama ka.» Ya yi dariya ya ce almajiri ya fara cin malaminsa gyara. Ƙasa da shekara 2 bayan fitowar faifan ƙungiyar ta watse, kuma mai kunne yana jin tsagewar tun a ciki.

Direba ya kawo nasa: «Babylon by Bus» na Bob Marley, 1978, wanda aka ɗauki mafi yawansa a gaban jama'a a birnin Paris. Ya ce da wannan kaset ya ratsa Burkina da dare ba sau ɗaya ba, shi ya hana shi gyangyaɗi a kan sitiyari, kuma faifan da ya ceci ran fasinja ya fi wanda ya ci kyauta. Hujja ce mai nauyi, amma waƙoƙin duk an san su a faya-fayan baya, sharaɗi ya fitar da shi. Aka ambaci «The Wall» na Pink Floyd, 1979, wanda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta a 1980, bayan ɗaliban baƙar fata masu ƙauracewa makarantu sun ɗauki ɗaya daga waƙoƙinsa suna rerawa. Labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba a iya zare komai, sai dai labarin mutum ɗaya ne da baƙin cikinsa, fuska huɗu cur. Direba ya ce wanda ya ƙoshi ne ke da lokacin irin wannan kuka.

Ni kuwa tun farko na san wanda zan tsayar, kuma shi ne mushe ya zaro daga adaka: «Songs in the Key of Life» na Stevie Wonder, wanda ya fito ranar 28 ga Satumba 1976.

An haifi Stevie Wonder a 1950, ya makance tun yana jariri, kamfanin Motown ya ɗauke shi yana ɗan shekara 11. A 1973 ya yi hatsarin mota, ya kwana da kwanaki bai san inda yake ba. Bayan ya tashi ya ci gaba da aiki, amma wajen 1975 ya bayyana cewa yana tunanin barin waƙa ya koma Ghana ya taimaki yara naƙasassu. Bai tafi ba a lokacin, sai a watan Mayu 2024 aka ba shi takardar zama ɗan ƙasar. Ya zauna ya share kusan shekara 2 yana aikin wannan faifai, kamfani na jira, masu saye na jira. Da ya gama, fuska huɗun ma ba su ishe shi ba: waƙa 17 a manyan faya-fayan biyu, aka liƙa wani ƙaramin faifai mai waƙa 4, jimla 21, kusan minti 105. Yana da shekara 26.

Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne, tsawon nan bukata ce ta kawo shi. Mutumin ya ɗauki rayuwar ɗan Adam ne tun daga haihuwa. Akwai waƙar da ya yi wa ɗiyarsa A'isha, wadda ke buɗewa da kukan jariri. Akwai ta tuna ƙuruciya da ƙiriniya. Akwai ta unguwar matalauta, inda ya kwatanta yunwa da ƙazanta bisa wani kiɗa mai taushi irin na fadar sarakunan Turai, don kunne ya ji daɗi zuciya ta ji kunya. Akwai ta girmama magabata a sana'a, wadda ya yi wa Duke Ellington da ya rasu a 1974, yana kiran sunayen manyan makaɗa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda namu ke yi wa iyayen gidansu. Akwai wadda malamai ke tambaya yara na amsawa da ƙarfi, ana jera sunayen mutanen kowane launi da abin da suka yi wa duniya. Wata muryarsa ce kawai da molon Turawa mai tsirkiya da yawa, wata kuma ya rera ta da Zulu da Sifaniyanci da Ingilishi. Soyayya, talauci, tsoron Allah, mutuwa, duk suna nan. Zare ɗaya, sai rayuwar ta yi giɓi.

Ba na cewa ba shi da aibi. Waƙar A'isha ta yi jan wutsiya, ta yaran makaranta ma ta wuce minti 8, mai gaggawa zai ƙosa. Amma wannan tsawon mai abin faɗi ne da ya kasa tsayawa, ya bambanta da na mai cika fili.

Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka tun makon fitowarsa, ya yi mako 13 a jere a can. Da aka ba shi babbar kyautar Grammy a watan Fabrairu 1977, mai faifan ba ya Amurka, yana Legas inda ya je bikin FESTAC, sai ta tauraron ɗan Adam aka haɗa shi da zauren, layin ma yana yankewa.

Akwai wani abu da na faɗa musu wanda ya ba mushe dariya. Mu ƴan Kurfai ba a faifai muka san wannan aiki ba, a kaset muka san shi, irin wadda ƴan ci-rani ke komowa da ita daga Abijan da Kumasi da Legas tare da rediyo mai cin batir shida. Kaset mai minti 90 tana ɗaukar faifai guda a kowace fuska, saboda haka tagwayen suka iso mana a matsayin abu ɗaya, ba jaka, ba hoto, an rubuta sunan da biro, shi ma ba daidai ba. Ƙaramin faifan nan mai waƙa 4 bai samu wuri ba. Na yi shekaru ina bugun ƙirji na haddace aikin Stevie Wonder, ashe akwai waƙa huɗu da ban san ma an yi su ba.

Duk wannan hira dattijo mahauci bai ce uffan ba, yana ta jan casbi. Sai da aka zuba shayi na biyu ya gyara zama ya ce: «Ɗiyana, wanga abu da kuke ta jayayya a kai tun la'asar, ai muna da sunanshi. Bakandamiya ke nan.» Ya ce a bakin mutanen da, bakandamiya bulala ce ta fatar dorina mai harshe biyu, daga baya makaɗa suka ɗauki sunan suka ba waƙar da ta fi kowace a cikin waƙoƙin mutum, wadda ya zuba duk abin da ya sani a cikinta. Sannan ya dube mu ya ce: «Kun tafi Amurka, kun tafi Ingila, kun baro ɗan gidanku. Narambaɗa fa?»

Dattijon bai yi kuskure ba. Masu binciken tarihin makaɗan Hausa sun rubuta cewa Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu, an haife shi ne a Tubali cikin ƙasar Isa, amma mahaifinsa Maidangwale daga nan Filinge ya tashi. Kotson kuwa ta wajen uwa ya gaje shi. Watau mutumin da jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya ke nazarin azancinsa har yau, jininsa na Dallol Boso ne, kuma da wuya ka samu yaro ɗaya cikin ƴan lakkwal na garin nan da ya san haka. Narambaɗa yana da Bakandamiyarsa, inda ya haɗa yabon ubangidansa da kirarin kansa da na fasaharsa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ma yana da tasa. Ɗan Anace kuma, in aka ce Shago, an gama magana, kuma a nan idon dattijo ya yi haske, don shi waƙar dambe ba labari ba ce a wurinsa.

Daga nan gardamar ta sake kama, ta zama ta tsakanin ma'auni biyu. Baturen mawaƙi yana auna aikinsa da faifai: ya san minti nawa gare shi, ya tsara, ya yanke, ya jera, ranar da aka buga kuma aiki ya daskare har abada. Makaɗin Hausa ba shi da wannan shinge. Ma'auninsa dare ne da fili da hannun masu kyauta. Bakandamiyar Shata ba ɗaya ba ce: duk inda ya rera ta yakan ƙara ɗiya, ya zubar da wasu, gwargwadon wanda ke zaune da abin da ya faru a shekarar. Wanda ya ce ya san ta, ɗauka ɗaya ko biyu ya sani. Haka Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, shi ma makaho kamar Stevie Wonder, wadda ta yi ta tsawo kashi bayan kashi har ta zama littattafai, almajirai da makafi suka ɗauke ta a ka suka zagaya ƙasar Hausa da ita. Da a ce an ba waɗannan mutane fuska huɗu, da sun ce ina sauran.

Amma ƴancin nan yana da farashi, kuma mu ne muke biya. Aikin Stevie Wonder yana nan yadda ya bar shi, a 2005 ma babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin muryoyin da ƙasa za ta adana. Narambaɗa ya rasu ne a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da kamfanin Philips ke fito da kaset a Turai, a 1963. Abin da ya rage mana na muryarsa shi ne ɗan abin da na'urorin wancan zamani suka kama, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har kotson ya koma kamar ana buga shi a cikin rijiya. Dararen da ya raya a fadar Isa sun tafi da waɗanda suka zauna a wurin.

A wannan gefen iyaka ma labarin bai fi haka daɗi ba. Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958 ya koma Muryar Sahel a 1974, shi ne ya ɗauki mafi yawan makaɗanmu, daga Ɗan Gurmu na Tawa har zabiya Husai ta Bonkuku, nan kusa da mu. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta fito da matasa masu kiɗan zamani. Amma da aka zo fitar da biyu daga cikinsu kasuwar duniya a 1994, Musa Pusi da Sa'adu Bori, faifai ɗaya aka raba musu, mai suna «Niamey Twice». Can mutum ɗaya na cika faifai biyu har ya nemi ƙari, nan mutum biyu ke cin ƙwarya ɗaya. Mamman Sani mai kiɗan ogan ya ɗauki kaset ɗinsa a gidan rediyo a 1978, kwafi kaɗan aka yi, ya ɓace, sai da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da shi a Yamai ya sake buga shi a 2013, sannan duniya ta ji. Wannan ya yi sa'a. Zaren kaset ba ya jure zafin Kurfai da ƙurarta, kuma tun da rashin tsaro ya addabi arewacin jihar Tilaberi, wasannin dare da ake yi bayan girbi sun ja baya ƙwarai, ga tsofaffin da suka riƙe dogayen waƙoƙin a ka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka da mushe ya matsa mini in yanke hukunci, na ce a cikin abin da aka buga aka adana, Stevie Wonder ne, ban kuma janye ba. Direba ya tsaya kan Bob Marley, doka ko ba doka. Mushe ya ce ya bi ni, amma a rubuta cewa zuciyarsa na wurin farar jaka. Dattijo ya ce shi ba ya zaɓe tsakanin abin da aka auna da mudu da abin da ba a taɓa aunawa ba, in dai ana son a yi adalci, a fara nemo Narambaɗa cikakke tukuna a aza a sikeli. Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Sai ya aiki jikan mushe gidansa ya ɗauko wata kaset da ya ce ta fi shekara 30 a wurinsa, waƙar Shago ce, wani abokinsa ya kawo masa daga Sakkwato. Aka nemo tsohuwar rediyon direba, aka sa batir. Kalangu ya tashi, muryar Ɗan Anace ta fito a dishe, dattijo ya ajiye casbi ya dunƙule hannun hagu bai sani ba. Ba a yi minti 5 ba zaren ya naɗe a cikin na'ura. Yaron ya zaro shi a hankali, ya sa biro yana mayarwa, ya ce: «Baba, ai akwai ta a salula, bari in nemo maka.» Ya nemo, ya kunna. Dattijo ya saurara har ta ƙare, ya girgiza kai ya ce wannan guntu ce, an yanke ta tun kafin a kai wurin da Shago ya gamu da Ɗan Dunawa. Yaron ya ce gobe zai kai kaset ɗin wurin mai gyaran rediyo a bakin tasha, in zaren ya liƙu, a juye ta a katin salula.